Rijiyar da Ake Hutarwa Saboda Baƙi

Na yi aikin ruwa a ƙasashe da dama kafin gwiwoyina su ce sun gaji. A Maroko na ga ramukan da kakanninsu suka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, suna jawo ruwa daga gindin dutse har gonakin dabino. A Sudan na ga manyan tafkunan da ake haƙawa don a tare ruwan damina. Na kuma je wata ƙasa a Turai inda babbar damuwarsu ita ce yadda za su kori ruwa daga gonakinsu. Na tsaya ina kallon injina suna zuba shi cikin teku, har mai yi mini rakiya ya tambaye ni ko jikina ne ba daɗi. Harsunan mutanen nan sun bambanta, amma hali ɗaya na tarar kusan ko'ina: in ma'aikacin gwamnati ya sauko daga mota da igiyar awo, sai a nuna masa ba a da komai, ko a samu ƙari. A ƙasarmu ne kawai na ga an yi akasin haka, kuma a garin yayata na fara gani, wani ƙauye a ƙasar Droum.

Lokacin farin nan na biyu ne, wanda ya faɗo wa mutane kafin su gama maida garken da na farko ya cinye. Ina aiki a sarwis na ruwa, wato ma'aikatar ruwa, a Damagaram. Wanda ya san garinmu ya san a kan dutse yake zaune, kuma ƙishirwarsa ta girme ni, ta girmi ubana. Amma a waɗannan shekaru abin ya wuce wanda muka saba. Ƴan ga-ruwa kan jera tuku, garewaninsu na ɗibar ruwa, a bakin fanfo tun asuba, rana ta take ba su cika ba. A ƙauyuka kuwa rijiyoyi ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk garin da rijiyarsa ta mutu, ba a daɗewa za ka ga mutanensa a gefen unguwar Kara-Kara, nan Damagaram, sun kafa ƴan bukkoki da zana da tsumma.

Aikina shi ne awon rijiyoyi. Muna da igiya mai alamar mitoci, a bakinta akwai ɗan ƙarfe mai rami, da ya taɓa ruwa sai ka ji ya yi ɓul. Mukan zagaya ƙauyuka wata-wata, mu isa da hantsi bayan mata sun gama ɗibar safe, mu auna inda ruwa ya tsaya. Kafin mu je, ƙa'ida ce biro, wato ofishinmu, ya aika wa sarkin ƙasar, shi kuma ya tura dogari ya shaida wa masu gari cewa rana kaza mutanen ruwa za su zo. Ba wanda ya taɓa tunanin wata hanya. Shiga garin mutane ba sallama ai ba aikin hukuma ba ne.

Shugabana a wannan aiki wani injiniya ne da aka turo mana daga Yamai. Bafillace ne daga can yamma bakin kogi, dogo siriri, ya yi karatu a waje ya dawo da gilashi da son lissafi. Hausarsa a karkace take, don haka a ƙauye ba ya cika magana. Ni ke gaisawa, shi yana tsaye da hular rana yana rubutu, mutane na ce masa "ranka ya daɗe" daga nesa. A biro kuwa ba ma raga wa juna. Mu asalinmu Barebari ne, ko da yake da Hausa muka tashi, a gidanmu gaisuwa da zagi ne kawai suka rage na Barbarci. To, kowa ya san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafillace. Da Faransanci muke aiki, amma da Hausa nake ce masa bawana, shi kuma ya ce kakansa ne ya samu kakana a bakin kasuwa ba mai so, ya ɗauke shi don tausayi.

Shi ya kawo mana abin da suke kira model. Da farko na ɗauka wani inji ne za a sauke daga kamiyo, babbar motar kaya. Ashe lissafi ne. Ya shimfiɗa taswirar ƙasarmu a kan tebur, ya tsaga ta gida-gida kamar filin dara. Ya ce kowane gida yana da ruwansa a ƙarƙashin ƙasa. Sama na ƙara masa da damina, mutane da dabbobi da zafin rana suna rage masa, kuma gidan da ya fi maƙwabcinsa ruwa yana tsiyaya masa a hankali. Awon da nake kawowa, da shi ake gwada lissafin a ga ko ya yi daidai da abin da ke cikin ƙasa. Sai a aika da lambobin Yamai, inda akwai ordinater, wato kwamfuta, guda mai girman ɗaki, ta yi ta tauna su, a maido mana doguwar takarda mai ninki kamar rawani. Amfanin abin shi ne kana iya tambayarsa abin da bai zo ba tukuna. In damina mai zuwa ta yi kyau fa? In ta yi rabi? In ta maimaita irin ta bara, ta kuma sake maimaitawa? Shi kuma ya nuna maka gidajen da za su bushe, da wanda zai riga wani. Tsofaffin ma'aikatanmu da ruwan saman da aka saba samu tun zamanin Nasara suke lissafi. Injiniya ya ce wancan sama ya tafi, kada mu dogara da shi sai mun ga ya dawo.

Ba wasa da takarda muke ba. An ba jiharmu injin haƙa foraj guda ɗaya, irin wanda ke huda dutse ya kai inda hannu ba ya kaiwa. Rani ɗaya zai yi mana, daga nan ya wuce wata jiha. Garuruwan da ke bukata sun ninka abin da zai iya, don haka aka ce model ne zai faɗi waɗanda za a fara da su, wato waɗanda rijiyarsu za ta riga mutuwa.

Wata safiya injiniya ya kira ni, fuskarsa cike da murna.

"Zo ka ga abin mamaki, Babarbare," in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan gida guda cikin taswira. "Duk na kewaye da shi suna sauka, shi yana nan inda yake. Na juya lissafin ta kowace hanya, model ya ƙi karɓarsa. Gari mai mutane haka, da awaki da jakuna, su ɗebi ruwa tun asuba, mu zo da hantsi mu tarar da rijiya kamar ba a taɓa ta ba. Abu ɗaya ne zai sa haka. Akwai tsaga a cikin dutsen nan mai kawo ruwa daga nesa."

Ya ce in haka ne, waɗannan mutane ba su bukatar foraj, sai a cire su a ba wasu. Watakila ma wata rana daga can za a jawo wa Damagaram ruwa. Na duba inda yatsansa yake. Garin Yaya ne.

Yaya ita ta goye ni. An kai ta wannan gari ina ɗan ƙarami, a can ta haifi ƴaƴanta, a can ta binne mijinta a farin farko. Mace ce gajeruwa mai babbar murya, ba ta iya raɗa ba ko a gidan mutuwa. Ƴaƴanta maza biyu sun riga sun dawo birni neman abinci, sun samu ɗaki a Kara-Kara, kuma duk wata sai sun je sun roƙe ta ta biyo su. Ta ce musu ran da rijiya ta mutu za ta ɗaura kaya, kafin nan kada wanda ya sake yi mata maganar. Ita dai ba ta ga yadda mace mai shekarunta za ta zauna inda ake sayen ruwan alwala ba. Na san in aka raba ta da gidan nan, da bishiyar aduwar da ke tsakar gida, da matan da suka tsufa tare, ba za ta daɗe ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, cikin makon nan babban ɗanta ya zo gidana ya ce, "Kawu, ka sa baki. Inna ta rame, awaki na mutuwa, ruwa ya ƙare a garin nan." Ni kuwa da hannuna na auna rijiyar. Duk zuwanmu Yaya kan fito mana da ruwan randa mai sanyi, ta ba mu na wanke ƙafa, har shofer, direbanmu, ya ɗura wa mota. Ga maganar ɗanta, ga abin da idona ya gani, sun ƙi haɗuwa. Ranar hutu na hau mobilet ɗina, ɗan ƙaramin babur, na nufi garin ba tare da na aika ba. Ƙane ai ba ya neman izini kafin ya gaida yayarsa.

Da hantsi na isa, daidai lokacin da muka saba zuwa. Tun daga nesa na hango mata zaune a jere, kowace a gefen tulunta, ba mai jan guga. Na leƙa rijiya. Can ƙasa wani magidanci ne tsugune, yana jiran abin da zai tsatso daga jikin dutse, in ya taru ya kwasa da moɗa ya zuba a guga. Ruwan kamar kunu. Da matan suka gane ni sai wasu suka ja mayafi, wasu suka miƙe suka bar tulunansu. Yaya na cikinsu.

"Kai, wa ya aiko ka?" in ji ta.

"Gaisuwa na zo, Yaya."

"Gaisuwa a bakin rijiya? Gidan ƙonewa ya yi? Wuce mu tafi."

A gida ta shimfiɗa mini tabarma a gindin aduwa. Duk da abin da na gani, sai da ta tace ruwa da tsumma mai tsabta ta miƙo mini. Na kurɓa kaɗan don kada ta ji haushi.

"Yaya, ran da muka zo awo rijiyar nan tana da ruwa."

"Tana da shi mana. Hutar da ita muka yi."

Sai ta yi mini bayani kamar mai gaya wa yaro abin da kowa ya sani. Da zarar dogari ya kawo saƙo, mai gari kan sa a yi shela kada guga ya sake shiga rijiya sai baƙi sun zo sun tafi. A kwanakin nan mata kan kora jakuna zuwa wani kwari mai nisa inda masu garka, wato lambu, ke da ƴan ramuka, su fita da duhun asuba, sai bayan azahar su dawo. Ita kuwa rijiya tana nan tana tara ɗan abin da take tarawa, har ranar zuwanmu ta yi kyan gani.

"Don me, Yaya?"

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda lakwal, makarantar boko, ta lalata.

"Don me? Baƙi su taso daga birni da mota, har da babban mutum mai gilashi, su leƙa rijiyarmu su ga laka? A koma Damagaram a ce garin nan ko ruwan ba baƙo ba su da shi? Wa zai sake ba ɗanmu mata? Uban wa zai kawo ƴarsa inda za ta tsufa a bayan jaki? Kuma kai kana cikinsu, Auta. Ƙanena ya zo da mutanen aikinsa, in bari ya ji kunya?"

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Na gaya mata abin da wannan karamci ya jawo: lissafi ya ɗauka suna da ruwa, injin foraj zai wuce su, kuma ba zai dawo ba. Ta shiga karkaɗe ƙasa daga bakin tabarma.

"To shi wannan model ɗin naku, bai san rufin asiri ba?"

"Bai sani ba. Amma shi ya fara cewa akwai magana a rijiyarku."

"Ɗan gulma ne ke nan."

Na ce mata gyaran abin mai sauƙi ne. Injiniya ya zo ya wuni a bakin rijiya ranar da ake ɗiba kamar kullum, ya ga abin da ake samu, ya ga yadda ruwan ke daɗewa kafin ya dawo. Leƙawa ɗaya ba za ta isa ba, sai ya zauna.

"Baƙo ya zauna yana kallon matan gari suna kankarar laka?" in ji ta. "Ba mai fitowa. Ni ma ba zan fito ba. Gara in tafi Kara-Karan."

Na san ta, ba barazana take yi ba. Na je wajen mai gari, dattijo mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, gaskiyarka. Amma ubana ya riƙe garin nan ba a taɓa jin kansa ba, ba na so a ce a hannuna aka gani. Kai ɗan gida ne, ka gani. Je ka rubuta musu." Na ce masa rubutuna ba zai wadatar ba. Awon da muka yi wata da watanni yana cewa akwai ruwa, kuma kowa a biro ya san yayata na garin. In na zo da maganar baki, za a ce ɗan'uwa ne ke nema wa ƴar'uwarsa. Ya ce to, Allah ya kawo mafita.

A wasu ƙasashen da na zauna, wannan magana da minti biyar ta ƙare. A kira taro, a ɗaga hannu, a rubuta wa hukuma kuka. Na ga inda ake ɓoye rijiya mai kyau da kara da ƙasa ranar da masu awo za su zo. Amma ban taɓa jin haushin mutanen Yaya ba, ko a ranar. Abin da fari ya bar musu kaɗan ne, kuma a cikinsa har da wannan, cewa baƙo ya zo ya tafi bai san halin da suke ciki ba.

Da la'asar ina shirin tafiya, Yaya na ƙulla mini ƴar kuka a tsumma, sai na yi guna-guni ni kaɗai. Na ce, "Wannan Bafillacen ba zai karɓi maganar baki ba. Taurin kai gare shi kamar bajimin garkensu."

Hannunta ya tsaya.

"Wane Bafillace?"

"Injiniyan mana."

"Mai gilashin? Dogon nan mai wuya kamar na zalɓe?"

"Shi fa."

"La'ilaha illallahu! Ashe duk watannin nan Bafillace muke hutar wa rijiya? Muna bin jakuna zuwa kwari saboda bawanmu?"

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta saman danga: "Ke, zo ki ji asara!" Kafin in tada mobilet tsakar gidan ya cika da mata, wannan na tafa hannu, waccan na cewa ita tun farko ta ga ƙafafun nan ba su yi kama da na mutumin kirki ba. Yaya ta share hawayen dariya da bakin zane ta ce, "Kawo mini shi. Kada ka sa a turo dogari. Yaushe bawa ya fara aiko manzo gidan iyayengijinsa?"

Da na koma na ba injiniya labari, ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi. Na san abin da ke ransa. Tsagar dutsen nan da ya ƙwallafa wa rai, wadda yake ganin za ta shayar da birni, babu ita. Can sai ya yi murmushi. Ya ce a rugar mahaifiyarsa, in baƙo ya sauka a shekarar da shanu suka ƙafe, ta bayan bukka ake zagayawa a karɓo nonon maƙwabta, a kawo masa a ce yanzu aka tatsa. "Mu ma haka muke," in ji shi. "Amma mu da ƙwarya ɗaya muke yi. Ku Barebari komai sai kun wuce gona da iri."

Muka tafi da sassafe. Ya bar hular ranarsa a mota. Yaya na bakin rijiya da matan gari, ba wadda ta ja mayafi.

"Lale, lale da bawa! Ina ka baro shanun?"

Ya rusuna ya gaishe ta da karkatacciyar Hausarsa. "Inna, na zo duba Barebarina, ko suna nan ko sun gudu."

"Ku ji Hausa kamar an taka wuyan kaza! Kai, gwamnatin ba ta ba ka abinci ne? Jiki duk ƙashi." Ta ɗauki igiyar guga ta danƙa masa. "Ungo. Tun da gani kake so, ja ka gani."

Ya ja. Guga ya fito da ɗan ruwa a gindinsa, mata suka yi guɗa kamar ya kashe zaki. Ya sake ja, ya sake, har tafin hannunsa ya tashi. Daga nan suka manta da shi. Suka koma zamansu na kullum, jira da hira da faɗa kan wadda ta riga wata. Shi kuma ya samu inuwa ya zauna da agogonsa da igiyar awo, in an kwashe ya auna, in ya ɗan taru ya sake aunawa. Duk wadda ta cika tulu sai ta tsaya ta tsokane shi, kuma cikin tsokanar take gaya masa abin da yake nema: daminar da rijiya ta fara ja da baya, watan da ta fi tsanani, gidajen da suka riga suka tashi, inda aka binne awaki. Abubuwan da ni ɗan ƙasa ban taɓa ji ba, duk suka zuba wa mutumin da ke haɗa Hausa da ƙyar. Wata tsohuwa ta ce masa da yana da amfani da ya kira musu hadari, tun da an ce Fulani na magana da aljannu. Ya ce ya kira, aljannun suka ce ba su shiga garin Barebari, rowa ta yi yawa.

Da rana ta yi tsaka mai gari ya fito. Ya tsaya ya dubi injiniya zaune cikin ƙura, wando duk laka, ya ce, "Wannan wa ya sake shi ba sanda?" Aka yi dariya. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Baƙo dai bai gani ba, ko Malam?" Na ce bai gani ba.

Yaya ta kawo burabusko da miyar kuka. Ta ce masa nono babu, awaki sun ƙafe, ya daure yau ya ci abincin ƴaƴa, ba na bayi ba. Ya cinye tas. Ta ce ai ta faɗa, yunwa ce ke damunsa.

Muka aika da sabon awo Yamai. Da takarda ta dawo, gidan nan da ya ƙi zama ya zauna daidai cikin ƴan'uwansa, kuma yana cikin waɗanda za su riga bushewa. Ko da damina mai zuwa ta yi kyau, rijiyar ba za ta kai ta ba. Injiniya ya sa garin a farko-farko. Sannan ya koma ya bi taswirar gida-gida yana neman wasu masu kyan gani fiye da kima, muka kuwa samu wasu ƴan garuruwa, har da ɗaya a wajen Damagaram Takaya. Daga nan muka sake yadda ake sallama. Dogari na zuwa kamar da, amma ba ya faɗin rana, sai ya ce mutanen ruwa na nan tafe cikin watan nan. Ba garin da zai iya hutar da rijiya wata guda.

Injin bai iso garin ba sai tsakiyar bazara. Kafin nan rijiyar ta mutu. Gidaje da yawa sun tashi, kuma wasunsu ba su dawo ba har yau. Ƴaƴan Yaya suka zo da amalanke, suka tuna mata alkawarinta. Ba ta yi musu ba. Ta bari suka ɗaure gado da tukwane da turmi, suka ɗora, amma ta ce tun da ga inji ya iso, ba inda za ta sai ta ga ƙarshen aikin bawanta.

Ramin farko ƙura kawai ya fitar. Model ya san wanda ke jin ƙishirwa, amma bai san inda dutse ya tsage ba. Wannan wani awo ne daban, kuma ko da shi sai an haɗa da sa'a. Mai kula da injin ya ce a naɗe a wuce, garuruwa na jira. Injiniya ya roƙe shi a gwada sau ɗaya a wani gangare bayan gari. Yaya na zaune a kan amalanken, bisa ƙullin tabarminta, ta ce masa, "In ka sake kasawa, a kwance jakin nan, kai za ka ja ni har Kara-Kara."

"To, Inna," in ji shi. Ban taɓa jin ya kasa rama mata ba sai ranar.

Aka kafa inji a gangaren. Ya yi ta gurnani yana fitar da farar ƙura, mutane na tsaye nesa. Washegari da yamma ƙurar ta fara yin duhu, sannan ta zama taɓo, sannan taɓon ya tsinke. Ba ruwa ne mai yawa ba, na fanfon hannu ne, amma zai riƙe gari. Maza suka yi kabbara. Injiniya ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannayensa.

Aka bari ya ɗan tace, aka cika moɗa aka kai wa Yaya a kan amalanke. Ta yi bisimilla ta kurɓa, ta juya shi a baki, kowa na kallonta.

"Da ɗan kanwa-kanwa," in ji ta. "Aikin Bafillace dama ba ya cika."

Ta shanye sauran, ta miƙa moɗar, ta sauko da ƙyar tana dafa kafaɗata. Sannan ta juya wajen ƴaƴanta.

"Me kuke kallo? Ku kwance mini kayana. Turmin a hankali, bakinsa ya tsage."

A gidan nan ta ƙare kwanakinta, shekaru da yawa bayan haka.